Yadda Ake Bin Sawun Furotin SV2A Daga Mahaɗar Jijiyoyi Zuwa Maganin Farfaɗiya

Mutane da yawa suna haɗiye ƙwayar maganin farfaɗiya mai suna levetiracetam safe da yamma shekara da shekaru ba tare da sun taɓa jin sunan abin da maganin yake nema a cikin ƙwaƙwalwarsu ba, haka nan ɗalibin aikin lafiya yakan ci karo da haruffan SV2A a littafi, ya haddace su saboda jarrabawa, ya wuce. SV2A sunan wani furotin ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin a jikinsa maganin farfaɗiya yake sauka, ta ƙofarsa guba mafi ƙarfi da aka sani take shiga jijiya, kuma da shi ake ƙiyasta yawan mahaɗun jijiyoyi a ƙwaƙwalwar mutum mai rai. Hanyar fahimtarsa tana da tsari, kuma wanda ya tsallake matakin farko ya faɗa wa zancen cuta kai tsaye yakan rikice, saboda haka za mu bi ta daki-daki.

Fara da sanin inda yake zaune

Kafin ka tambayi aikin kowane furotin, ka fara tambayar mazauninsa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma a mafi yawan wuraren da suke mu'amala da juna ba su manne ba. Tsakanin bakin ƙwayar da ke aika saƙo da fatar wadda ke karɓa akwai ɗan rata na kusan nanomita 20, wanda wutar saƙon ba ta iya tsallake shi da kanta. Wannan wuri shi ake kira mahaɗa. A bakin ƙwayar da ke aikawa akwai 'yan jakunkuna zagayayyu masu faɗin nanomita 40 ko kusa da haka, ƙanana ƙwarai, ta yadda sai an jera kimanin 2,000 daga cikinsu kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Kowace jaka cike take da sinadarin isar da saƙo, wata da gulutamet mai zuga ƙwayar da ke gaba ta yi aiki, wata da GABA mai kwantar da ita.

Ka zana wannan hoton a takarda idan kana son ya zauna maka. Idan wutar saƙo ta iso bakin jijiya, ƙofofin kalsiyam sukan buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, ya kama wani furotin mai suna sinaftotagmin da ke jikin jakar, nan take tantanin jakar ya haɗe da fatar jijiya, abin da ke ciki ya zube cikin ratar. Duk wannan yana faruwa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa 1,000 na sakan. Bayan haka jijiya takan janyo tantanin jakar ta mayar da shi ciki, ta sake cika ta, ta ajiye ta a layi domin zagaye na gaba. Bernard Katz ne ya nuna tun a shekarun 1950 cewa saƙon yana fita ne ƙunshi-ƙunshi, kuma a shekarar 2013 aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof lambar yabo ta Nobel saboda bayyana yadda ake sarrafa zirga-zirgar irin waɗannan jakunkuna a cikin ƙwayoyin halitta.

SV2A yana zaune ne a cikin tantanin jakar nan. Kathleen Buckley da Regis Kelly ne suka gano danginsa a shekarar 1985, a cikin jakunkunan da suka ciro daga gaɓar wani kifin teku mai fitar da wutar lantarki, wadda take cike maƙil da bakunan jijiyoyi. A 1992 aka karanto jerin ƙwayar gadonsa, sai aka ga cewa yana ratsa tantanin jakar sau 12, shiga da fita kamar zaren ɗinki, yana da wani babban lanƙwasa a cikin jakar wanda sarƙoƙin sukari suka lulluɓe, sannan yana da jela a waje wadda take iya riƙe sinaftotagmin. Ka riƙe waɗannan sassa biyu a ranka, lanƙwasan ciki da jelar waje, domin za mu dawo kansu.

Dangin uku ne. SV2A shi ne ya bazu a kusan kowace mahaɗa ta ƙwaƙwalwa, mai zugawa da mai kwantarwa. SV2B ya fi yawa a mahaɗun gulutamet, shi kuwa SV2C ya taƙaita a wasu sassa na can ciki, musamman inda ƙwayoyin da ke fitar da dofamin suke, waɗanda su ne suke mutuwa a cutar Parkinson. Duk lokacin da ka karanta rahoto a kan SV2, ka duba wanne daga cikin ukun ake nufi, domin ɗauko sakamakon ɗaya a ɗora wa ɗaya kuskure ne da ake yawan yi.

Tambayi abin da ke faruwa idan babu shi

Hanya mafi ƙarfi ta sanin amfanin abu a jiki ita ce a cire shi a ga abin da zai lalace. A shekarar 1999 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka, kowace da nata aikin, suka samar da ɓerayen da aka kashe musu ƙwayar gadon SV2A. An haife su kamar sauran ɓeraye, ƙwaƙwalwarsu ta ginu, mahaɗunsu sun samu, jakunkunan ma suna nan da yawansu da siffarsu. Amma da suka kai kimanin mako ɗaya sai farfaɗiya mai tsanani ta kama su, girmansu ya tsaya, suka mutu kafin su wuce mako uku. Waɗanda aka bar musu kwafi ɗaya na ƙwayar gadon maimakon biyu sun rayu, sai dai farfaɗiya ta fi saurin kama su fiye da 'yan uwansu.

Ka karanta wannan sakamako a tsanake, domin abubuwa biyu yake koyarwa. Na farko, ba a buƙatar SV2A wajen ƙera jaka ko gina mahaɗa. Na biyu, ana buƙatarsa matuƙa wajen daidaita yadda jakunkunan suke sakin kayansu, musamman lokacin da saƙonni suke zuwa a jere ba ƙaƙƙautawa. Da aka auna mahaɗun waɗannan ɓeraye an ga raguwar sakin GABA a hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna abubuwa, ma'ana birkin ƙwaƙwalwa ya yi rauni, kuma farfaɗiya a asalinta rinjaye ne da zugawa take yi a kan kwantarwa har dubban ƙwayoyin jijiya su kama harbawa lokaci guda. An kuma ga cewa jakunkunan da ba su da SV2 suna ɗauke da sinaftotagmin ƙasa da kima. A nan jelar waje ta shigo: idan jijiya tana sake tattara tantanin jaka bayan an zubar da saƙo, SV2A yana riƙe sinaftotagmin ya tabbatar an mayar da shi cikin sabuwar jakar, ta yadda za ta ji kiran kalsiyam yadda ya kamata a zagaye na gaba.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana jan hankalin masu bincike. Siffar SV2A irin ta furotin masu safarar kaya ce ta cikin tantani, dangi ɗaya da masu shigar da sukari cikin ƙwayoyin halitta, amma har yau masana ba su yi ittifaƙi a kan wani kaya da yake ɗauka a cikin jijiya ba. Ni a ganina wannan bai kamata ya rage wa ɗalibi ƙwarin gwiwa ba, domin an yi shekaru ana yi wa mutane magani ta hanyar wannan furotin alhali muhawarar tana gudana.

A wajen ɗan Adam, ƙwayar gadon SV2A tana kan kuromosom na 1, ɗaya daga cikin ƙunsoshin da suke ɗauke da ƙwayoyin gado. A 2015 likitoci suka ba da rahoton wani yaro da ya gaji canji iri ɗaya a kwafin biyu na wannan ƙwayar gado, yana fama da farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, da ƙanƙantar kai, da jinkirin girma. Irin wannan ba kasafai ake samunsa ba, kuma mafi yawan masu farfaɗiya ƙwayar gadon SV2A ɗinsu lafiya lau take. Kada ka yanke hukuncin cewa duk wanda levetiracetam ya yi wa aiki yana da matsala a wannan furotin.

Duba abin da yake manne masa

Mataki na gaba shi ne ka binciki abubuwan da suke kama furotin ɗin daga waje, domin su ne suke tona asirin aikinsa. Labarin levetiracetam ya zo a juye. Kamfanin UCB na ƙasar Beljiyam ne ya haɗa shi, kuma da aka gwada shi a gwaje-gwaje biyu na gargajiya da ake tace magungunan farfaɗiya da su a jikin ɓeraye, bai nuna wani tasiri ba. Sai da aka gwada shi a kan ɓerayen da ƙara mai ƙarfi take tayar musu da farfaɗiya, da waɗanda aka saba wa ƙwaƙwalwarsu da farfaɗiya sannu a hankali, sannan ƙarfinsa ya bayyana. Amurka ta amince da shi a 1999, Turai a 2000, aka riƙa rubuta shi da sunan Keppra, alhali ba a san takamaiman abin da yake kamawa ba. A 2004 aka tabbatar cewa SV2A ne: a ƙwaƙwalwar ɓeran da ba shi da SV2A maganin ba ya samun inda zai manne, kuma cikin 'yan uwan maganin, duk wanda ya fi riƙe furotin ɗin da ƙarfi shi ya fi hana farfaɗiya. A kan wannan sani aka gina brivaracetam, wanda yake riƙe SV2A da ƙarfin da ya ninka na levetiracetam sau 15 zuwa 30, aka amince da shi a 2016.

A nan akwai wurin da nake son mai karatu ya dakata ya yi tunani. Idan rashin SV2A yana haifar da farfaɗiya, kuma maganin da ke kama SV2A yana hana ta, to ba zai yiwu a ce maganin kashe aikin furotin ɗin yake yi ba, domin da haka ne da ya tayar da cutar. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne maganin yana sauya yadda furotin ɗin yake aiki, kuma tasirinsa ya fi fitowa a mahaɗun da suke harba saƙo da sauri fiye da kima, inda jakunkuna suke buɗewa suna rufewa babu hutu. Mahaɗar da take aikinta cikin natsuwa ba ta cika jin nauyinsa ba. A 2024 aka samu hotunan siffar furotin ɗin da na'urar lantarki mai girmama ƙananan abubuwa wadda take aiki cikin tsananin sanyi, aka ga maganin zaune a wani rami a tsakiyar ɗinkin nan 12, ta ɓangaren da ke fuskantar cikin jakar.

Abu na biyu da ke kama SV2 guba ce. Ƙwayar cutar botulinum, wadda take iya tsirowa a abincin da aka rufe ba iska ba tare da an dafa shi sosai ba, tana fitar da gubar da take shanye tsoka. A 2006 aka gano cewa nau'in A na wannan guba yana shiga jijiya ne ta hanyar SV2. Ka tuna lanƙwasan nan na cikin jaka mai sarƙoƙin sukari. Lokacin da jaka ta haɗe da fatar jijiya domin zubar da saƙo, cikinta yakan juyo waje na ɗan lokaci, sai gubar ta kama lanƙwasan, jijiya ta janye jakar ciki tare da ita. Da ta shiga sai ta datse wani furotin mai suna SNAP-25, wanda babu jakar da za ta iya buɗewa ba tare da shi ba, tsoka ta daina samun umarni. Wannan gubar ce likitoci suke yi wa mutum allurarta a ɗan mitsitsin adadi, a ƙarƙashin sunaye irin su Botox, domin sassauta tsokar da ta ƙage a wuya ko a fatar ido ko bayan shanyewar ɓarin jiki.

Idan kai ko naka yana shan maganin

Sanin furotin ɗin yana taimakawa wajen gane dalilin ƙa'idojin shan maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 50 ne suke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan an gano cutar an ba su maganin da ya dace. A 2023 hukumar ta sanya levetiracetam cikin jerin magungunanta na dole.

Maganin yana manne wa SV2A ne ya saki, kuma jiki yana fitar da rabinsa cikin awa 6 zuwa 8 a wajen babban mutum, shi ya sa ake shan sa sau biyu a rana, a tsayayyun lokuta kullum, da tazarar kusan awa 12. Likita yakan fara wa babba da miligiram 250 ko 500 sau biyu a rana, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali idan akwai buƙata, har zuwa 1,500 sau biyu a rana, yara kuma ana auna musu ne da nauyin jikinsu. Wannan lissafi na likita ne, bai halatta majiyyaci ya ƙara ko ya rage da kansa ba. Wanda ya manta bai sha ba kada ya haɗa biyu lokaci guda, ya tambayi likita ko mai harhaɗa magani tun ranar farko abin da zai yi idan hakan ta faru. Mafi hatsari duka shi ne dainawa farat ɗaya saboda an ga an samu sauƙi, domin cikin kwana ɗaya ko biyu maganin zai bar furotin ɗin, faɗuwa ta iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da.

Kusan kashi biyu bisa uku na maganin yana fita ta fitsari yadda ya shiga, saboda haka mai ciwon ƙoda da tsoho su sanar da likita, a auna aikin ƙodarsu a rage musu adadi. Tun da bai dogara da hanta sosai ba, ba ya yawan karo da wasu magunguna, kuma ba ya rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali kamar yadda wasu tsofaffin magungunan farfaɗiya suke yi. Yana cikin waɗanda likitoci suka fi zaɓa wa mace mai shirin ɗaukar ciki, sai dai adadinsa a jini yakan ragu lokacin goyon ciki, don haka sai an riƙa bibiya.

Abin da na fi son iyalai su lura da shi shi ne halin mutum. SV2A yana cikin kusan kowace mahaɗa, har da na sassan da suke kula da fushi da natsuwa da walwala, saboda haka ban da barci da jiri da kasala da aka saba gani a makonnin farko, wasu sukan zama masu saurin fushi, ko faɗa, ko baƙin ciki, wani lokaci har da tunanin cutar da kai. Sau da yawa na kusa da majiyyaci ne suke fara ganin canjin kafin shi. Ku rubuta ranar da aka fara maganin, da ranar da aka ƙara shi, da ranar da halin ya sauya, ku kai wa likita, kada ku ɗauka mugun hali ne ya same shi. Idan tunanin kashe kai ya bayyana, ko ƙuraje tare da zazzaɓi da kumburin fuska, a nemi likita a ranar. Idan kuma faɗuwa ta zo, a kwantar da mutum a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a sa komai a bakinsa, a duba agogo, in ta wuce minti 5 a garzaya asibiti.

Yadda za ka karanta rahoton hoton ƙwaƙwalwa

Tun da SV2A yana cikin kusan kowace jaka, kuma adadinsa a kowace jaka kaɗan ne wanda bai cika bambanta ba, masu bincike suka yi tunanin cewa auna yawansa zai nuna yawan mahaɗu. A 2016 masana a Jami'ar Yale suka nuna hakan a jikin mutane masu rai, da wani sinadari mai suna UCB-J wanda aka liƙa masa kabon-11 mai fitar da ɗan haske, a yi allurarsa a jini, ya je ya manne wa SV2A, na'urar PET, wadda take gano irin wannan haske daga cikin jiki, ta ɗauki hoto. Kafin wannan, ƙirga mahaɗu sai an yanki naman ƙwaƙwalwa, bayan mutuwa ko lokacin tiyata. A 2018 suka ba da rahoton raguwar kusan kashi 41 cikin 100 a hifokamfas na masu cutar Alzheimer idan aka kwatanta da tsararrakinsu masu lafiya. An ga raguwa kuma a ɓangaren da ya lalace na masu farfaɗiyar gefen ƙwaƙwalwa, da masu Parkinson, da masu sikizofiriniya, wato wani nau'in taɓin hankali, da masu tsananin baƙin ciki.

Idan irin wannan rahoto ya zo hannunka, fara da duba adadin mutanen da aka gwada, domin da yawa daga cikin binciken farko mutum goma ne ko ashirin a kowane ɓangare. Sannan ka tambayi kanka abin da na'urar ta auna a zahiri. Furotin ta auna, kuma raguwarsa tana iya nufin mahaɗu sun mutu, ko mahaɗun suna nan amma jakunkunansu sun ragu, ko kuma naman wurin ne ya motse har hoton ya dishe. Ka duba ko masu binciken sun yi gyara saboda motsewar. Ka kuma tuna cewa ganin SV2A ya ragu a cuta bai nuna shi ne ya jawo ta ba, domin a Alzheimer da makamantanta ana amfani da shi ne a matsayin ma'auni na asarar mahaɗu.

Wannan hoto har yanzu kayan bincike ne, bai zama gwajin yau da kullum a asibitoci ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kabon-11 yana rasa rabin haskensa cikin minti 20, dole sai an haɗa shi a ginin da za a yi amfani da shi, abin da ya sa aka ƙirƙiro wasu sinadaran masu ɗauke da fulorin-18, wanda yake kai minti 110 kafin ya rasa rabin haskensa, ana iya kai shi wani asibitin. Abu na ƙarshe da za ka duba a rahoton shi ne jerin magungunan da mahalarta suke sha. Levetiracetam da brivaracetam suna zama a ramin da UCB-J yake nema, saboda haka hoton mutumin da yake shan ɗaya daga cikinsu zai fito a dishe kamar ya yi asarar mahaɗu masu yawa, alhali maganinsa ne ya riga sinadarin zama a wurin.